Tudu da Kwari: Yadda Na Fara Zaga Karkarar Zazzau a Kan Keke

Duk wanda ya saba bin hanyoyin Zariya a cikin mota zai iya rantsewa cewa ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, in ban da ’yan duwatsun da suka tsaya ɗai-ɗai, irin su Kufena da Tukur-Tukur. Ƙafar da ke kan feda ba za ta yarda da wannan magana ba. Garin yana zaune ne a kan tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga doron teku, kuma rafuka sun tsattsaga tudun nan ta kowace fuska. Rafin Kubanni ya taso daga wajen Shika, ya cika madatsar ruwan Jami’ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya faɗa Galma, shi kuma Galma ya kwashi ruwan ya kai kogin Kaduna. Tsakanin kowane rafi da na gabansa akwai doron tudu mai faɗi, saboda haka duk hanyar da ta fita daga gari hawa ce da gangara a jere, ba masu tsanani ba, amma kuma ba masu ƙarewa ba. Kusan duk shirin da na yi, tun daga zaɓen taya har zuwa zaɓen lokacin fita, daga wannan yanayin ƙasa ya samo asali.

Ba sha’awar wasa ce ta fara mayar da ni kan keke ba. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, na ajiye mota kamar yadda ma’aikata da yawa suka yi, na kakkaɓe wani tsohon Phoenix da ya daɗe a jingine a zaure, na riƙa zuwa aiki a kansa a nan cikin Samaru. Keken ya yi abin da aka ƙera shi dominsa, wato ɗaukar mutum da kaya a hankali, sai dai da ƙafa ta saba, rai ya fara son abin da ya wuce zuwa ofis da dawowa, shi kuwa keke mai giya ɗaya kuma mai nauyin gaske ba ya son hawa, balle a ce hawan ya biyo bayan wani hawan.

Na nufi wajen masu sayar da kekunan gwanjo a Sabon Gari, inda ake jibge waɗanda aka shigo da su daga Turai, na yara da na manya a cakuɗe. Na tafi da wani dattijo mai gyaran keke da na daɗe da sani, kuma tafiya da shi ita ce dabara mafi amfani a cikin dukan cinikin. Abin da ya fara dubawa ba fenti ba ne, ba kuma yawan giya ba. Ya bi kowace mahaɗa ta gangar jikin keken da ɗan yatsa yana neman tsaga, ya ɗaga gaba ya juya wili yana kallon tazarar da ke tsakaninsa da robar birki don ya ga ko yana kaɗawa, ya mammatsa wayoyin wilin bibbiyu ya ji ko akwai mai sanyi, sa’an nan ya ce in tsaya da keken a tsakanin ƙafafuna, tafin ƙafa a ƙasa, ya ga ko akwai rata tsakanina da sandar sama. Akwai wani mai sauƙin nauyi ƙwarai da ya ɗauki hankalina, wanda mai kaya ya yi ta kururutawa cewa irin na ’yan tseren Faransa ne. Dattijon ya ƙwanƙwasa jikinsa da farce, ya girgiza kai.

“Malam, wannan in ya tsage, wa zai ɗinke maka shi a garin nan? Ɗauki na ƙarfe. Ko a ƙauye ya karye, mai walda zai haɗa maka ka dawo gida.”

“Baba, ai na ƙarfen ya fi nauyi.”

“Nauyin da ka ɗora a tumbinka ya fi wanda ke jikin keken yawa. Shi za ka fara ragewa.”

Na ƙarfen na saya, mai lanƙwasasshen kai, mai faranti biyu a gaba da takwas a baya. Kafin mu bar wurin ya nuna mini abubuwa biyu da ba kowane mai saye ke lura da su ba. Na farko shi ne birki: kekunan da suka fito daga Ingila birkin gaba yana hannun dama ne, alhali na sauran ƙasashen Turai da Amurka yawanci yana hannun hagu, kuma tun da ana cakuɗa su a kwantena ɗaya, wajibi ne mutum ya san wanda ya saya kafin ranar da zai buƙaci tsayawa a gangara. Na biyu shi ne taya. Wilin keken tsere, wanda ake rubuta wa 700C, faɗinsa milimita 622 ne, na su Phoenix da tsohon Raleigh kuwa 635 ne, amma a kasuwa dukansu biyu ana iya kiransu “28”, ga shi kuwa tayar wannan ba ta zama a wilin wancan ko da an yi da ƙarfi. Tun daga ranar ban ƙara sayen taya ba sai na karanta lambar da ke gefenta.

Maganar tayar ce ta fi cin lokaci, domin a nan ne keken da aka yi wa kwaltar Turai yake karo da hanyoyinmu. Ya zo da ’yar siririyar taya mai faɗin milimita 23, wadda sai an ɗura mata iska ta kai awo 100 ko fiye a ma’aunin masu faci kafin ta ɗauki babban mutum. A kan kwalta mai santsi tana gudu, babu musu. Amma hanyar karkara mai shiru a ƙasar Zazzau ba kasafai take zama kwalta tun daga farko har ƙarshe ba: za ta fara da kwalta, ta koma kwaltar da ta farfashe, ta zama burji, ta ratsa yashi a bakin rafi, sa’an nan ta sake zama kwalta a bakin gari na gaba. A irin wannan hanya siririyar taya mai tauri tana tsalle ne a kan gargada, tana jijjiga wuyan hannu da ƙugu, tana nutsewa a yashi, idan kuma aka rage mata iska don a sami sauƙi, da zarar ta daki bakin rami sai wili ya datse tif ɗin da ke ciki ya bar huda biyu a jere. Muka auna ratar da ke tsakanin ƙafafun keken, gaba da baya, muka ga za ta karɓi milimita 32, aka yi mini cigiyar irinta har aka samo daga Kano. Ina ɗura mata abin da bai wuce awo 60 zuwa 65 ba, ta baya ta ɗara ta gaba kaɗan tun da ita ke ɗauke da yawancin nauyi. A ganina babu wani gyara da ya canza hawan keken nan kamar wannan, kuma da za a ce in zaɓa tsakanin keke mai tsada a kan siririyar taya da mai araha a kan faffaɗa, ba zan tsaya dogon tunani ba. Akwai kuma batun bawul: na keken tsere siriri ne mai ɗan murfin da ake warwarewa, bakin famfon masu facin bakin hanya ba ya kama shi, don haka dole mutum ya mallaki nasa famfon ko ya riƙa yawo da ɗan ƙaramin mahaɗin tagulla a aljihu.

Saitin sirdi bai ɗauki lokaci ba. Mu da muka koyi keke a kan na haya muna yara mun saba da sirdi a ƙasa, yadda ƙafa za ta taɓa ƙasa ana zaune, wannan kuwa shi ke kawo ciwon gwiwa a doguwar tafiya. Ƙa’idar ita ce a zauna, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, a ɗaga sirdi har ƙafa ta miƙe sosai, yadda idan aka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Na yi wa sandar sirdin alama da fenti don kada yara su sauke ta in rasa wurin.

Tufafi kuwa sai da na yi nazari. Matsattsen gajeren wandon da ’yan tsere ke sawa yana da dalili, domin akwai soso a cikinsa da ke kare mazauni daga gurjewa, amma ba abin da magidanci zai shiga ƙauye da shi ba ne ya tsaya gaban dattawa yana tambayar hanya. Abin da na tsayar shi ne in sa shi daga ciki, in ɗora dogon wando mara nauyi a kai, in ɗaure ƙafar dama da roba don kada haƙoran faranti su kama ta. Riga mai haske ce, wadda direba zai hango daga nesa, sai hular kwano irin ta keke mai ramukan shan iska, da tabarau saboda ƙura da ƙwari. A ’yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi akwai tif sabo guda, da faci da sholisho da guntun samfefa, da abin ɓamɓare taya, da ’yan makullan kwance ƙusa, da ɗan kuɗi da katin shaida. Gorar ruwa biyu suna jikin keke, dabino da ƙuli-ƙuli suna aljihu.

Ban fita daji nan da nan ba. Na fara ne da zagaye a titunan cikin jami’a da na unguwa bayan sallar asuba, ina ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kuma abin da nake koyo a lokacin ba ƙarfi ba ne, sarrafa giya ne. Wanda ya taso a kan keke mai giya ɗaya yana ɗauka cewa taka feda da ƙarfi shi ne gudu, sai ya sa giya mai nauyi ya yi ta dannawa har cinya ta ɗauki zafi. Masu abin sun fi son ƙafa ta riƙa juyawa da sauri a kan giya mai sauƙi, wajen zagaye 80 zuwa 90 a minti, domin ta haka aikin yana komawa kan numfashi da zuciya, waɗanda suka fi tsokar cinya jimiri. Sai kuma sauya giya kafin a shiga hawa, ba bayan hawan ya kama mutum ba, tare da sassauta ƙafa a daidai lokacin da sarƙa ke tsallakawa, in ba haka ba za ta yi ƙara, wani lokaci ma ta zame ta faɗi. A ƙasa irin tamu, inda hawa da gangara ke bin juna ba hutawa, hannu ba ya daɗewa bai taɓa giya ba.

Zaɓen hanya shi ne ɓangaren da taswirar waya ba ta wadatar ba. Manyan titunan da suka fita daga Zariya, wato na Kaduna da na Kano da na Funtuwa, na cire su daga lissafi tun farko, saboda tireloli da tankoki da motocin haya masu gudun wuce sa’a, sai fa ɗan guntun da ba makawa sai an bi kafin a sauka. Sa’an nan ga batun tsaro, wanda ba wanda ke zaune a jihar Kaduna zai yi wasa da shi: ƙauyukan can cikin ƙaramar hukumar Giwa da duk abin da ya doshi Birnin Gwari sun sha fama da ’yan bindiga a shekarun nan, kuma wurin da yake lafiya bana ba lalle ya kasance haka baɗi ba. Abin da nake yi shi ne tambayar ’yan acaɓan da ke tashar da hanyar ta fara, domin su ke bin ta safe da yamma, sun san inda kwalbati ya karye, inda ’yan sintiri suka sa shinge, da inda ba a so baƙo ya wuce. Ina kuma tambayar ranar kasuwar garuruwan da ke kan hanyar, domin hanyar da take shiru sauran ranaku takan cika da motocin kaya da babura ranar da kasuwa ke ci. A gida ina faɗin inda na nufa da lokacin da za a gan ni, kuma duk tafiyar da ta yi nisa ba na yin ta ni kaɗai, akwai wani maƙwabcina malamin makaranta da muke fita tare.

Hanyar da ta zama tamu ita ce ta arewa, wadda ke fita ta Basawa ta nufi Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, tare da ƙananan hanyoyin burji da ke ɓallewa daga jikinta. Zan bayyana fita guda ta lokacin kaka, domin a lokacin ne ƙasar ta fi nuna kanta.

Muna tashi gari ya fara wayewa, da ’yar fitila ja tana ƙyaftawa a baya. Kafin a bar Samaru ana haye layin dogon da ya tafi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, kuma ko da jirgi ba ya wucewa ƙarfen yana nan, sai a miƙe keke a haye shi kai tsaye, domin idan aka zo masa a karkace tayar gaba tana iya zamewa a kansa, musamman da raɓa. Bayan an wuce gidajen ƙarshe da masu toya ƙosai, sai hanya ta fara aikinta. Hawan farko dogo ne mara tsanani, dawa ta yi kai a dama da hagu har ta fi mutum tsayi, masara kuwa an riga an karye ta, karan ya bushe a tsaye. A kan doron tudun ana hango ƙasar har nesa, itatuwan ɗorawa da kaɗanya da kuka a warwatse cikin gonaki, domin manomi ba ya sare itacen da ke ba shi kalwa da man kaɗe da miya. Sai gangara ta karɓa, keke ya fara tafiya da kansa, iska ta yi sanyi farat ɗaya, abin da ke nuna cewa an doshi fadama. Nan ne wurin da ya fi buƙatar hankali a dukan tafiyar, ga shi kuwa nan ne rai ya fi son a saki birki. Kowace gangara a ƙasar nan a rafi take ƙarewa, kuma a gindinta ne ruwan damina ke tara yashi a kan hanya, a nan ne gefen kwalbati ke zaizayewa, a nan ne shanu ke tsallakawa zuwa mashaya, a nan ne kuma masu lambu ke ajiye babura da buhunan taki. Saboda haka ana rage gudu tun daga tsakiyar gangara, da birki biyu tare, a ja jiki baya a kan sirdi, a saki birkin kafin a shiga yashi, a bar keken ya ratsa a miƙe ba tare da murɗa kai ba. Da an haye, sai a sauko da giya tun ƙafa ba ta ji nauyi ba, domin wani hawan yana jira.

Fadamun wannan yanki su ne arzikinsa. Rake ya yi duhu a bakin rafi, ga shinkafa ta sunkuya, ga filayen da ake gyarawa don dashen tumatir da attaruhu da albasa na rani. Ƙasar Kudan da Maƙarfi ta yi suna a noman rake, kuma idan lokacin ya yi akan ji ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake dafa ta tun kafin a ga hayaƙin. Garuruwa kuwa a kan tudu suke, inda ruwa ba ya kwanciya, don haka ƙarshen kowane dogon hawa yakan zo da rumbuna da masallaci da inuwar mangwaro ko dalbejiya, da kuma tudun rage gudu da mutanen gari suka yi da ƙasa ko gungumen itace, wanda ba shi da fenti balle alama. A kaka akwai ƙarin abin lura: gefen kwalta yakan zama wurin shanya, a baza masara ko barkono ko shinkafa a kewaye da duwatsu, sai mai keke ya duba bayansa, ya miƙa hannu, ya shiga tsakiyar hanya ya kewaye. Taka shanyar mutane ba ƙaramin laifi ba ne, kuma ba wanda zai karɓi uzurin cewa mota ce ta matso ka.

Gaisuwa a wannan tafiya ba ado ba ce, wani ɓangare ne na aikin. Mutum a kan baƙon keke, da hular kwano da tabarau, a lokacin da kowa ke ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, wajibi ne ya rage gudu a bakin gari, ya cire tabarau, ya yi sallama da murya a sarari. Inda muka ga dattawa a zaune muna sauka ne gaba ɗaya. A wani gari muka tsaya wajen mai shayi, wani tsoho ya iso a kan baƙin Raleigh da damin kara a baya, ya jingine shi kusa da namu, ya daɗe yana kallo.

“Sannunku da hanya. Daga ina?”

“Daga Samaru, Baba. Ina kwana, ina gajiya?”

“Lafiya lau. To, ina aka nufa da sassafen nan?”

“Zagaye kawai muke yi, mu motsa jini mu koma.”

Ya sunkuya ya duba bayan kekena. “Malam, ina kariyarsa?”

“Ba shi da ita, Baba.”

“To, me yake ɗauka?”

“Ni kaɗai.”

“Ashe doki ne, ba jaki ba,” in ji shi, aka yi dariya, sa’an nan ya kwatanta mana wata hanya ta bayan gari da ke bi ta gindin tsamiya ta fita kan burji mai kyau, wadda babu ita a taswirar waya ko kaɗan. Yawancin hanyoyin da muka fi jin daɗinsu a wajen mai shayi muka samo su.

A kan wannan burjin ne tayar baya ta sace. Ba ƙusa ba ce, ba kuma kwalba ba, tsidau ne, ɗan ƙaramin haki mai yaɗo a gefen hanya wanda ’ya’yansa ke da ƙaya ta kowane gefe, kuma a ƙarshen damina da suka bushe su ne manyan abokan gabar mai keke. Na mayar da sarƙa kan ƙaramin faranti na baya don wili ya fita da sauƙi, na kifa keken a inuwa, na ɓamɓare gefe ɗaya na tayar, na zaro tif. Kafin a sa sabo akwai matakin da ba a tsallakewa, wato bin cikin tayar da yatsa a hankali har a ji tsinin da ya yi ɓarnar, domin ƙayar takan karye ta bar kanta a cikin roba, ta jira sabon tif. Na same ta, ƙanƙanuwa ƙwarai, na tura ta waje da bakin makulli. Na ɗan hura wa sabon tif iska don ya yi siffa, na zura shi, na mayar da bakin tayar da manyan yatsu ba da ƙarfe ba don kada in datse shi, na duba zagaye ko ya leƙo, sa’an nan na kama famfo. Yara sun riga sun kewaye mu, wani ya riƙe mini hula, wani yana ƙirga bugun famfon da ƙarfi. Hujajjen tif ɗin a gida na yi masa faci: a goge wurin da samfefa, a shafa sholisho siriri, a bari ya sha iska har ya daina sheƙi kafin a manna, domin facin da aka ɗora a kan ɗanyen sholisho ba ya kamawa.

Zagayen gaba ɗaya ya kusa kilomita 40, kuma muna komawa gida kafin ƙarfe 10, lokacin da rana ba ta fara duka ba. Ruwa ana kurɓarsa ne tun ƙishirwa ba ta zo ba, kimanin gora ɗaya a kowace awa, dabino kuma ana cinsa tun ƙafa ba ta mutu ba, domin wanda ya bari yunwa ta kama shi a tsakiyar hawa zai ga giya mafi sauƙi ma ta yi masa nauyi.

Kowane lokaci na shekara da irin lissafinsa, kuma iska ce ke yanke hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, saboda haka wanda ya fita ta hanyar Hunkuyi yana fuskantar iska ne da sauran ƙarfinsa, ta kuma turo shi a dawowa lokacin da ya gaji, tsarin da ya dace ke nan. Sanyin asuba a lokacin yakan sauka ƙasa da digiri 15, a kan keke kuma ya fi haka cizo, sai da safar hannu da riga biyu da ƙyallen rufe hanci, ranar da hazo ya yi kauri kuwa har ba a hango mota daga nesa, zama a gida ya fi. A bazara, wato Maris da Afrilu, zafi yana kusantar digiri 40, tafiya takan gajarta, a dawo tun hantsi bai yi ba. Da damina iska tana juyawa ta fito daga kudu maso yamma, sai lissafin ya kife: fita ta arewa tana da daɗi, dawowa ce aiki. Ruwan da Zariya ke samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,000, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba, kuma jar ƙasar burji idan ta jiƙe tana liƙewa a taya har ta cushe tsakanin birki da wili, don haka a watannin nan mun fi tsayawa a kan kwalta, mu kuma bar kwana guda ya wuce bayan ruwa mai yawa. Robar birki ba ta kama jiƙaƙƙen wili nan take, sai ya yi zagaye ɗaya ko biyu ta share ruwan, wannan ma dalili ne na fara rage gudu da wuri.

Akwai wasu hanyoyi biyu da muke taɓawa jefi-jefi. Ɗaya ita ce ta Wusasa, a wuce tsohuwar majami’ar da aka gina da ƙasa a 1929, a kewaya gindin dutsen Kufena inda ragowar tsohuwar ganuwa take, gajeriyar tafiya ce amma ba ma zarcewa yamma da nan. Ɗayar ita ce hanyar Jos, a haye Galma a doshi Maigana, inda kwarin kogin ya fi faɗi, hawan da ke bayansa kuma ya fi duk na arewa tsawo, sai dai manyan motoci sun fi yawa a kanta, don haka sai da sassafen Lahadi.

Abin da ya rage shi ne kula da keken, wanda ƙurar ƙasar nan ta mayar da shi aikin kowane mako. Masu gyara da yawa suna shafa wa sarƙa baƙin man inji, yana kuwa kashe ƙara, amma yana kama ƙura ya zama wani baƙin kwaɓi mai cin haƙoran faranti. Ni ina goge ta da tsumma bayan kowace fita, lokaci-lokaci in wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in bari ta bushe, in ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sa’an nan in share abin da ya fito waje. Ina duba robar birki ko tsakuwa ta maƙale a ciki tana kankare wili, ina bin bayan taya ina cire ƙayoyin da ba su riga sun shige ba, iska kuma a daren da zan fita nake aunawa, ba da asuba ba. Daidaita wilin da ya fara kaɗawa da zuba giris a cikin cibiyoyi kuwa har yanzu wajen dattijon nan nake kaiwa, duk lokacin da damina ta wuce da kuma ƙarshen hunturu, domin aiki ne na kunne da yatsa wanda ya yi shekara da shekaru yana yi, kuma kuɗin da yake karɓa bai kai na litar fetur biyu ba.